Hannun Hagu da Juyin Farfela: Yadda Ake Koyon Tuƙin Jirgi Mai Saukar Ungulu

Jirgin da na koyi tuƙi a kansa Robinson R22 ne, ɗan ƙarami mai kujera biyu, ƙirar Frank Robinson, wanda hukumar jiragen sama ta Amurka ta amince da shi a 1979. Lambobin da zan kawo duk nasa ne. Wanda zai koya da wani jirgin, irin su Cabri G2 na Faransa ko Schweizer 300, sai ya nemi nasa a littafin jirginsa, don a wannan sana'a ba a aron lamba. Ƙanƙantar R22 ta kai cewa da shi da mansa da mutanen cikinsa ba a yarda su haura kilo 622 ba, kowace kujera kuma iyakarta kilo 109. Saboda haka tun kafin a nuna maka jirgin, sikeli za a fara ɗora ka.

Matuƙi a dama yake zama, malami a hagu. Hannun dama na riƙe da sandar da ake kira saikilik. Ita ce ke karkatar da faifan da babbar farfela ke zanawa in tana juyi, kuma duk inda faifan ya karkata, can jirgi ya nufa: gaba, baya ko gefe. Hannun hagu na kan kolektif, wata sanda a gefen kujera mai kama da birkin hannu na mota. Ka ɗaga ta, fukafukan farfelar biyu su ƙara cizon iska lokaci guda, jirgi ya yi sama; ka sauke ta, ya yi ƙasa. A bakinta akwai totur na murɗawa, amma akwai wata na'ura mai daidaita juyin inji, ana ce mata gwamna, da ke karɓar ragamarsa da zarar inji ya haura kashi 80 na juyinsa. Ƙafafu kuma suna kan feda biyu masu sauya cizon ƙaramar farfelar wutsiya.

A takarda kowanne da aikinsa daban. A sama kuwa ba ka taɓa ɗaya sauran su ƙyale ka. Farfelar jiragen Amurka, in ka kalle ta daga sama, saɓanin hannun agogo take juyawa, don haka gangar jirgin kullum dama take son juyawa. Ka ɗaga kolektif, inji ya ƙara ƙarfi, hanci ya kama hanyar dama, sai ka taka fedar hagu. Kana taka ta farfelar wutsiya ta ƙara turi, ta soma jan jirgin ɗungurungum zuwa dama, dole ka ɗan kwanto saikilik hagu. Ita fedar hagun ma daga ƙarfin injin take ci. Jiragen Faransa da na Rasha akasin haka farfelarsu ke juyawa, wanda ya saba da wannan ya koma wancan sai ya sake koya wa ƙafafunsa karatu.

Kowane darasi da zagayen jirgi yake farawa, da takardar dubawa a hannu ko da ka haddace ta. Za ka tsiyayo mai kaɗan daga ƙasan tanki cikin kwalba. Man jirgin, 100LL, shuɗi ne. Ruwa ya fi shi nauyi, in akwai shi za ka gan shi ɗigo-ɗigo kwance a gindin kwalbar. Ka duba bel ɗin da ke kai ƙarfi daga inji zuwa farfela ko ya zaizaye, ka leƙa man giyar wutsiya ta ɗan gilashinsa, ka bi fukafukai da ido kana neman tsaga ko inda fenti ya ɓare a layin haɗi. Akwai kuma 'yan takardun gwajin zafi manne a jikin giya da boris, masu ƙananan murabba'ai da ke komawa baƙi in zafi ya kai wani mataki. In wani sabo ya yi baƙi tun bayan dubawar ƙarshe, injiniya ake kira.

Inji shi kaɗai yake tashi, ba tare da farfela ba. Sai ka kunna makunnin kuloci, wani ɗan injin lantarki ya ɗaure bel a hankali, kuma cikin daƙiƙa biyar ya kamata ka ga fukafukai sun motsa. Ana ɗumama inji a kashi 70 zuwa 75. Kowace silinda tana da fulogi biyu, maganeto biyu ke ba su wuta, to a kashi 75 ake kashe ɗaya bayan ɗaya, kada juyi ya faɗi fiye da kashi 7 cikin daƙiƙa biyu. Gwajin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne na gaba. A gejin juyi akwai allura biyu, ta inji da ta farfela, a tare suke tafiya. Ka rufe totur farat ɗaya, sai ta inji ta faɗi, ta farfela ta biyo ta sannu a hankali. Wannan rabuwar ita ce shaidar cewa in inji ya mutu a sama ba zai riƙe farfela su mutu tare ba. Daga nan a kai juyi kashi 102 zuwa 104, wato farfela na zagayawa kusan sau 530 a minti, a ɗan ɗaga kolektif, a rage totur har ƙahon gargaɗin zubewar juyi ya yi kuka a kashi 97. Ka saurari wannan kukan da kyau, don za ka sake jin sa.

Akwai ka'idar miƙa jirgi, kuma magana uku ce. Malam ya ce, “Jirgi na hannunka.” Ka ce, “Na karɓa, Malam.” Ya sake cewa, “Yana hannunka.” Ba don ladabi ake yi ba. An sha samun lokacin da kowanne ke zaton ɗaya ne ke tuƙi.

Darussan farko a can sama ake yin su, kuma ba su da wuya. In jirgi na gudu, iska na bi ta wutsiyarsa tana daidaita shi, tafiya a miƙe da hawa da sauka da kwana duk suna zuwa cikin awa biyu ko uku.

Tsayuwa wuri ɗaya a iska, ƙafa uku zuwa biyar daga ƙasa, ita ce ke ƙasƙantar da mutum. Malam zai kai ka tsakiyar fili mai faɗi, ya ba ka feda kaɗai, ya ce ka riƙe hanci a kan wata alama daga nesa. Sannan kolektif kaɗai. Waɗannan biyun ba su da rigima sosai, domin kusa da ƙasa iskar da farfela ke turowa tana yi wa jirgi matashi, kolektif ɗin ma kusan ba ya motsi. Sai ya ba ka saikilik, cikin daƙiƙa goma jirgin ya fara lilo. Dalilin a fili yake. Gangar jirgin a rataye take ƙarƙashin farfela, kuma tsakanin motsa sandar da amsawar jirgin akwai ɗan jinkiri. Jirgi ya zame dama, ka tura hagu, ba ka ga komai ba, ka ƙara. Kafin amsar farko ta iso ka riga ka ba da ninki biyu, ya kwasa hagu da gudu, ka mayar dama da abin da ya fi na farko. Lilo na uku ko na huɗu sai ka ji “Na karɓa,” jirgin ya tsaya cik kamar an kafe shi da ƙusa, hannun malam kuwa ko motsinsa ba ka gani ba.

Gyaran abu uku ne, dukkansu a jiki suke. Ka kwantar da damtsenka a kan cinya, ka riƙe sandar da yatsu uku, yadda motsi zai fito daga wuyan hannu, kafaɗa ta huta. Ka ɗauke ido daga ciyawar da ke gaban ƙafarka ka kai shi nesa, inda za ka ga hanci ya sunkuya ko ya ɗago tun kafin jirgin ya fara tafiya. Wanda ke kallon ƙasa sakamako kawai yake gani, ya makara. Na uku, in ka ɗan matsa sandar, ka mayar da ita inda take ka jira. Matsawar ba ta wuce kaurin yatsa ba. Ɗalibi na rantsuwa bai motsa ba, alhali malam na kallon hannunsa yana tuƙa tuwo a iska.

Akwai wani kuskuren da tsoro ke haifarwa a hannun hagu. Mutum ya damƙe kolektif da ƙarfi, a nan kuwa totur yake, sai ya hana gwamna murɗa shi. Juyi ya fara zubewa, ƙaho ya yi kuka, ɗalibi na ta neman laifin inji. Shi ya sa malami mai hankali ba ya barin darasin tsayuwa ya wuce minti goma sha biyar ko ashirin a jere. Da zarar gumi ya jiƙa riga, abin da ake koya ya ƙare, sai a tashi a zaga a dawo. Yawancin mutane sai sun ci awoyi da dama kafin abin ya zauna, kuma ba a hankali yake zuwa ba. Wata rana dai za ka lura jirgin na tsaye kana amsa wa malam wata tambaya.

Ɗaga jirgi daga ƙasa mataki biyu ne. Ka ja kolektif sannu har jirgin ya yi sakayau a kan ƙafafunsa, bai tashi ba bai kuma zauna ba, ka dakata nan. Ka ji ina yake son zamewa, ina hanci ke son juyawa, ka gyara, sannan ka ƙarasa. Wanda ya tsallake wannan dakatawar yana wasa da kifewa. In ƙafa ɗaya ta maƙale a ciyawa ko laka ko kwalta mai laushi, jirgi kuma na da motsin gefe, sai ya fara juyawa a kan wannan ƙafar, ya wuce inda saikilik zai iya dawo da shi. Zuciya cewa take ka fizge shi sama, wannan kuwa ƙarasa kifar da shi ne. Maganin sauke kolektif ne, sannu amma ba tare da jinkiri ba. Wannan ne karo na farko da ake nuna maka cewa in abu ya rikice, yawanci ƙasa hannun hagu zai yi.

Gudun jirgi da not ake auna shi, not ɗaya kilomita 1.85 ne a awa. Ka tura saikilik gaba daga tsayuwa, jirgi ya fara tafiya, ya ɗan nutse, ya yi kakkarwa. Tsakanin not 16 da 24 farfela ta fita daga hargitsattsiyar iskar da ta tara wa kanta ta shiga sabuwa, sai ka ji an ɗauke ka sama ba ka ƙara komai ba, hanci na son ɗagowa. Ka danne shi, ka zauna kusa da ƙasa har kusan not 45, sannan ka hau da 60. Ba a miƙewa sama tsaye kamar yadda mutane ke zato. A littafin jirgi akwai zanen tsayi da gudu, da wani yanki mai inuwa: sama ƙafa ɗari ko ɗari biyu ba tare da gudu ba, misali, inda in inji ya mutu babu isasshen tsayi ko gudun da za a sauka lafiya. Hanyar tashin an tsara ta ne don a kauce wa wannan yankin.

Zagayen filin jirgi a ƙafa 500 ake yi. Kafin a fara gangarowa akwai wani maɓallin da ba a mantawa, na ɗumama kafireto. Mai na tururi a cikinsa yana sanyaya shi, in iska na da laima ƙanƙara na iya toshe shi ko da a waje zafi ya kai digiri 30. Direban mota zai ji injinsa na tari, amma a nan gwamna na ta ƙara totur yana ɓoye ciwon har inji ya tsaya. Ka'idar ita ce in gejin ƙarfin inji ya sauka ƙasa da inci 18, a ja maɓallin gaba ɗaya, kome gejin zafin ya nuna.

Gangarowa kuma ana yin ta ne a kusurwa ta kusan digiri 10, hanci na fuskantar iska, gudu na raguwa yadda ƙasa za ta riƙa zuwa maka kamar mai tafiya da sauri a ƙafa. Haɗarin nan shi ne haɗuwar abu uku: gudu ya yi ƙasa da wancan na shiga sabuwar iska, saukowa ta wuce ƙafa 300 a minti, inji kuma na ba da ƙarfi. Sai jirgi ya faɗa cikin iskar da shi kansa ya turo ƙasa, ka ja kolektif ya ƙara nutsewa. Ana gwada shi a can sama inda akwai sarari. Fita ta gaba ake yi, a tura saikilik a sami gudu, ko ta gefe, bisa dabarar da ake kira da sunan Claude Vuichard, matuƙi ɗan Suwizalan.

Duk wannan share fage ne. Abin da ya fi cin lokaci, kuma ya cancanci ya ci, shi ne sauka ba inji. Fukafukan R22 ba su da nauyi, ba sa ajiye juyi da yawa. Inji ya mutu kolektif na sama, fukafukai na ci gaba da cizon iska ba mai tura su, juyi ya zube cikin daƙiƙa ɗaya zuwa biyu. Kamfanin Robinson ya ja layi: kada juyi ya taɓa sauka ƙasa da kashi 80, a ƙara kashi 1 a kowace ƙafa 1000 ta tsayi. Ƙasa da haka fukafukai sun daina ɗaukar jirgi, kuma ba a dawo da su, ko da inji ya farfaɗo. Daƙiƙa biyu ba ta isa tunani ba, shi ya sa ake maimaita shigar har hannu ya riga kai.

Shigar motsi uku ce a tare. Kolektif har ƙasa. Fedar dama, domin ƙarfin da ke murɗa gangar jirgi ya tafi, hanci zai fizga hagu. Saikilik kaɗan baya, don kada hanci ya faɗi, iska kuma ta shigo ta ƙarƙashin faifan. Yanzu iskar da ke tasowa daga ƙasa ce ke juya farfela, abin da jirgin Juan de la Cierva, injiniya ɗan Sifaniya, ya tashi da shi tun 1923. Ka riƙe not 65. Za ka riƙa saukowa kusan ƙafa 1500 a minti, ke nan daga ƙafa 500 abin da kake da shi bai fi daƙiƙa ashirin ba. Ido na zagaye: waje, juyi, gudu, waje. In ka shiga kwana ko ka ja baya, juyi zai hau, ka ɗan ɗago kolektif kada ya wuce 110. Ka fito daga kwanar, ka mayar da shi kada ya sauka ƙasa da 90. A ƙafa 40 ka fara jan saikilik baya, hanci ya ɗago, gudu da saukowa su ragu, juyi ya ƙaru. A ƙafa 8 ka tura gaba jirgi ya daidaita, in ba haka ba wutsiya ce za ta fara taɓa ƙasa. Sai can dab da ƙasa ka ja kolektif, ka kashe juyin da ka tara wajen tausasa saukar. Sau ɗaya ake kashe shi. Wanda ya ja tun yana sama zai iso ƙasa hannu wofi.

A horo ba a kashe injin, rufe totur ake yi, kuma galibi ana dawo da ƙarfi a ƙarasa da tsayuwa a iska. Kurakuran ɗalibai kusan iri ɗaya ne: bin allurar juyi da kolektif sama da ƙasa, barin gudu ya tsiyaye saboda ƙasa na tahowa, da ɗago hanci tun da nisa. In ƙaho ya yi kuka inji na raye ma, amsar 'yar'uwar wannan ce: kolektif ƙasa, totur sama, lokaci guda.

Abu ɗaya ne ba a gwadawa a sama, a aji kawai ake karanta shi. In kana hawa ka tura saikilik gaba da sauri, har ka ji cikinka ya yi sakayau, nauyin jirgi ya bar farfela. Farfelar wutsiya na nan na turi, sai jirgi ya mirgina dama da sauri. Ka mayar da hagu, faifan ya karkata amma gangar ba ta bi shi ba, cibiyar farfela ta doki sandar da ke ɗauke da ita, tana iya karya ta. Abin yi shi ne a ja baya a hankali har nauyi ya dawo, sannan a gyara mirginawar. Irin wannan haɗarin da na zubewar juyi su suka sa Amurka ta kafa doka ta musamman a 1995 kan R22 da R44, ɗan'uwansa da ya fi shi girman jiki, wadda ta hana ɗalibi tashi shi kaɗai sai ya yi awa 20 da malami.

Ranar tashi kai kaɗai, jirgin wani ne daban. Malam ya sauka, nauyi ya bar hagu da gaba, don haka wurin zaman saikilik ya koma gaba da hagu, jirgin kuma zai tashi tun kolektif bai kai inda ka saba ba. Nan dakatawar mataki biyu ke biyan kuɗinta. Bayan haka sai tafiye-tafiye tsakanin filaye, da taswira, da lissafin mai, da magana da hasumiya ta rediyo da Turancin jiragen sama. A nan ake koyon tsoron waya. Wayar lantarki ba ta ganuwa daga sama, turakunta ake nema, in za a tsallaka kuma ta kan turken ake bi.

Dokar Amurka ta ce awa 40 ne mafi ƙaranci ga lasisin tuƙin kai, 20 da malami, 10 kai kaɗai, shekara 16 kafin ka tashi kai kaɗai, 17 kafin lasisi. Ta Turai awa 45 ce, har da tafiyar kilomita 185 kai kaɗai da sauka a filaye biyu. Kaɗan ne ke gamawa a wannan adadi, musamman mai zuwa sau ɗaya a mako, don rabin kowane darasi na tafiya ne wajen tuno na baya. Sau biyu ko uku a mako ya fi araha a ƙarshe. Akwai gwajin likita, wanda ya kamata a yi tun kafin a kashe ko sisi, da rubutacciyar jarrabawa, a Amurka tambaya 60 ana cin ta da kashi 70, sannan mai jarrabawa ya zaunar da kai ya yi ta tambaya kafin ku hau jirgi. A sama zai rufe maka totur ba sanarwa, idonsa a kan hannunka na hagu. Mai son a biya shi kuɗin tuƙi kuwa sai ya kai awa 150 a tsarin Amurka.

Ko bayan ka sauka daga jarrabawar, mai jarrabawa na nan yana kallo. Kolektif ƙasa, a ɗaure shi, a bar inji ya huce a kashi 70 zuwa 75 har zafin kan silinda ya sauko. A rufe totur, a saki kuloci, a ƙirga daƙiƙa 30, a yanke mai. A sake ƙirga 30 kafin a taɓa birkin farfela. Hannun dama na kan saikilik duk tsawon lokacin, domin fukafukai in juyinsu ya ragu iska na iya lanƙwaso su ƙasa har tsayin kan mutum, kuma ba wanda zai matso ko ya fita sai sun tsaya.